Yadda Ake Karanta Agogon Atam Mai Sanyi ta Hanyar Juyawar Alƙiblar Haske, Mataki Bayan Mataki

Tambayar da masu karatu suka fi maimaita mini, musamman ɗaliban da suka fara aiki a ɗakin gwaji, ita ce: an sanyaya atam, an buga musu maikurowef, to yaya ake sanin nawa ne suka sauya mataki? Yawancin agogo suna ƙidaya hasken da atam ɗin ke fitarwa ne, ko kuma su auna wanda suka sha. Akwai hanya ta uku, wadda a kanta wannan jagora ya tsaya: a ratsa gajimaren atam da siririn hasken lesa, a auna yadda alƙiblarsa ta juya. Abin da nake nufi da alƙibla shi ne ɓangaren da igiyar hasken ke kaɗawa, ko sama da ƙasa, ko dama da hagu. Wannan juyawar ita ake kira juyawar Faraday.

Zan yi misali da rubidiyam-87 daga farko har ƙarshe. Mai aiki da sisiyam zai bi matakan nan ne, alƙaluma kawai zai sauya. Abu guda nake so ka riƙe: maganaɗisun da ke haifar da juyawar shi ne kuma yake ɓata agogon. Rabin aikin raba su ne a cikin lokaci, sauran rabin kuma tabbatar da cewa abin da kake gani daga atam yake, ba daga gilashi ko faiba ba.

1. Tara kaya, ka san inda kuɗi ke tafiya

Kana buƙatar lesa mai zangon nanomita 780 guda biyu, ɗaya ta sanyaya, ɗaya ta maido da atam ɗin da suka zame zuwa matakin F=1 (rubidiyam-87 yana da matakan ƙasa biyu, F=1 da F=2, kuma tsallen da ke tsakaninsu shi ne layin agogo). Sai tukunyar da za a zuƙe wa iska, famfon ayon, ɗan bututun da ke sakin rubidiyam idan an ba shi wuta, koyil-koyil na maganaɗisu da injinan ba su wuta, garkuwar maganaɗisu, na'urorin AOM masu kunna haske da sauya masa firikwensi, ƙyauren inji na tare haske, injin maikurowef da ya kai gigahaz 6.8, da katin kwamfuta mai tsara lokaci daidai da maikurosakan. Ma'aunin juyawar kansa kayansa kaɗan ne: matacin alƙibla, farantin rabin zango, farantin rubu'in zango, firizim mai raba haske gida biyu, da idon haske guda biyu masu hali ɗaya.

Lesa, tukunya da famfonta, garkuwa, da injin maikurowef mai tsabta su ne ke cinye kasafi. Ma'aunin juyawa kusan shi ne mafi araha a teburin, kuma abin takaici a nan mutane suka fi yin tsimi. Kada ka yi. Ƙaramin kubun raba haske na yau da kullum yana barin kusan kashi ɗaya cikin 1,000 na alƙiblar da ba a so ta wuce, a gefen da yake tunkuɗewa ma ya fi haka lalacewa. Matacin kalsait irin Glan-Thompson kuwa yana kai ɗaya cikin 100,000. Bambancin kuɗinsu bai kai komai ba idan aka kwatanta da lesa ɗaya.

Inda za ka iya ragewa: kada ka fara da kogon maikurowef. Fara da tukunyar gilashi da eriya mai bakin ƙaho. Kogo sai bayan ka ga sigina.

Gargaɗi: hasken nanomita 780 ido ba ya ganinsa sosai, ɗan ja-ja kawai yake yi ko da ƙarfinsa ya isa ya ƙona ƙwayar ido. Sa tabaran kariya na wannan zangon, ka cire agogon hannu da zobe. Famfon ayon yana aiki da dubban bolt. Rubidiyam kuma ba ya shiri da ruwa ko iska mai laima.

2. Haɗa tukunya, ka lura da tagogi

Wanke, haɗa, gasa, ka zuƙe iska har matsin ciki ya sauka wajen milibar 10⁻⁹. Ka hau da zafin a hankali ka sauko da shi a hankali, domin mahaɗar gilashi da ƙarfe ba ta jure gaggawa. Ka ɗan kunna bututun rubidiyam yayin gashin don dattinsa ya fita tun famfon turbo na haɗe.

Abin da ya shafi wannan aikin kai tsaye shi ne tagogi biyun da hasken awo zai ratsa. Gilashin da aka matse ya kan sauya alƙiblar haske, ya mai da miƙaƙƙiyar kaɗawa ta zama mai ɗan zagaye. Saboda haka ɗaure kusoshin tagar kaɗan-kaɗan, kana tsallakawa daga wannan zuwa na gabansa, ba bi da bi ba. Kafin ka gasa da bayan ka gasa, sa tukunyar tsakanin matatai biyu da aka gicciye, ka rubuta yawan hasken da ke yoyo. Idan ya ƙaru sosai bayan gashi, ka san tun yanzu cewa za ka buƙaci farantin rubu'in zango don gyara, kuma gyaran zai riƙa motsi da zafin ɗaki.

Ka tsara yadda hasken awo zai bi tsaye, daga ƙasa zuwa sama ko akasin haka. Atam ɗin da aka saki faɗuwa suke yi: kusan milimita 2 a milisakan 20, milimita 12 a milisakan 50. Idan hasken a kwance yake sai su fice daga cikinsa, idan a tsaye yake suna faɗuwa ne a cikinsa. Don hanyar tsaye ta zama fanko, karkata hasken sanyaya guda shida yadda babu wanda ya bi ta nan, tsarin da ake kira (1,1,1).

3. Kulle lesa

Yi amfani da ƙaramin kwalbar tururin rubidiyam ka fito da layukan D2, wato layukan da rubidiyam ke shan haske a nanomita 780. Lesar sanyaya tana aiki a kan F=2 zuwa F'=3 (F' na nufin matakan sama), ta maidowa a kan F=1 zuwa F'=2. Yawanci ana kullewa ne a kan tsinin da ke tsakiyar F'=2 da F'=3 saboda ya fi girma, kuma yana megahaz 133 ƙasa da F'=3, sai a cike gibin da AOM. Faɗin layin atam ɗin kusan megahaz 6 ne, don haka lesar da faɗinta bai kai megahaz 1 ba ta wadatar.

Ɗebo hasken awo daga lesar sanyaya, ka ba shi AOM ɗinsa da ƙyaurensa. Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne kullewa ta hanyar girgiza wutar lesar kanta. Girgizar za ta bi hasken awo har cikin siginarka. Girgiza reshen da ke zuwa kwalbar kawai.

4. Kama atam, ka sanyaya su

Wannan matakin sananne ne, ba zan daɗe ba. Tarkon haske da maganaɗisu, wato MOT, yana son gangaren filin maganaɗisu kusan gaus 10 a kowace santimita (gaus ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), da hasken da aka kauce da shi megahaz 12 zuwa 18 ƙasa da layi. Bayan ya cika, kashe koyil ɗin tarko, ka ƙara kaucewar, ka rage ƙarfin haske na 'yan milisakan. Iyakar Doppler ta rubidiyam, wato mafi ƙarancin zafin da sanyayar farko ke iya kaiwa, maikurokelbin 146 ce, wannan sanyayar ta biyu ce ke kai ka ƙasa da ita, zuwa 'yan gomomi ko ƙasa da haka. A maikurokelbin 10 gudun atam kusan santimita 3 ne a sakan ta kowace fuska.

Idan gajimaren ya zabura gefe guda da zarar ka kashe koyil, maimakon ya buɗe a hankali ta ko'ina, akwai ragowar maganaɗisu ko kuma haske biyun da ke fuskantar juna ba su yi daidai ba. Gyara wannan kafin ka wuce.

5. Filayen maganaɗisu uku, kowanne da lokacinsa

A nan zan zauna, domin nan ne aikin yake tsayawa ko ya rushe.

Fili na farko shi ne wanda ba ka so: na duniya, wanda ke tsakanin gaus 0.25 da 0.65 gwargwadon wuri, da na kayan da ke kusa. Famfon ayon yana ɗauke da babban maganaɗisu, haka ma na'urar hana haske komawa cikin lesa, wadda ita ma da juyawar Faraday take aiki. Nisanta su, ka bar su a wajen garkuwa. Garkuwar mu-metal, ƙarfe mai tare maganaɗisu, ninki biyu ko uku ita ce daidai. Idan ba ka kai nan ba tukuna, koyil bibbiyu a fuskoki uku za su ishe ka ganin sigina, amma ba za su ishe ka agogo ba.

Na biyu shi ne ɗan siririn filin da ke kunne koyaushe, a tsaye, daidai da hanyar hasken awo. Aikinsa ya raba ƙananan matakan da ke cikin kowane F, waɗanda ake kira mF, yadda maikurowef zai taɓa mF=0 zuwa mF=0 kaɗai. Maƙwabcinsa, mF=1 zuwa mF=1, yana matsawa da megahaz 1.4 a kowane gaus, wato kilohaz 14 idan filin miligaus 10 ne. Layin agogon kansa ba ya motsi kai tsaye, amma yana motsi da haz 575 sau filin sau kansa, idan an auna da gaus. A miligaus 10 wannan kusan haz 0.058 ne. Ƙarami ne, amma a ma'aunin agogo kusan kashi 8 ne cikin tiriliyan, don haka dole injin ba wannan koyil wuta ya kasance mai natsuwa.

Na uku shi ne filin awo, kuma ga dalilinsa. Miƙaƙƙen haske haɗin haske biyu ne masu zagaye, ɗaya dama ɗaya hagu. Alƙibla tana juyawa ne idan ɗayan ya riga ɗayan fita daga gajimare. Atam ɗin da ke mF=0 ba ya fifita kowanne, yadda yake ga na dama haka yake ga na hagu. Shi ya sa ya dace da agogo, shi ya sa kuma ba ya juya haske da kansa. Mutane da yawa sun ɓata makonni suna neman juyawar da babu dalilin samuwarta. Sai ka sa fili a kan hanyar hasken, matakan sama na F'=3 su rabu, ɗaya ya hau da megahaz 0.93 a kowane gaus, ɗaya ya sauka da haka. Yanzu hasken dama da na hagu ba layi ɗaya suke gani ba, sai juyawa ta bayyana. Tana ƙaruwa da filin har matsawar kowane ɗaya ta kai rabin faɗin layi, wajen gaus 3, daga nan ta fara raguwa. A miligaus 10 kusan babu ita.

To ka duba: gaus 1 kawai yana ture layin agogo da haz 575, alhali faɗin layin da kake nema bai wuce haz 25 ba. Saboda haka filin awo ba ya kunnuwa sai bayan bugun maikurowef na ƙarshe ya ƙare, kuma dole ya mutu murus kafin zagaye na gaba.

Gargaɗi biyu. Ƙarfen tukunya, da jan ƙarfen kogo idan ka sa shi, suna haifar da wutar da ke zagaye a jikinsu tana jinkirta filin da milisakan da yawa. Abin da mitar wuta ke nuna maka a koyil ba shi ne abin da atam ke ji ba. Auna da atam ɗin kansu: nemo layin mF=1 a lokuta daban-daban bayan kashewa, ka ga yadda yake komawa mazauninsa. Na biyu, bugun fili mai ƙarfi a cikin garkuwa yana barin ɗan maganaɗisu a jikinta. Yi koyil ɗin ƙarami, kusa da atam, nesa da garkuwa, ka riƙa buga shi iri ɗaya kowane zagaye, kuma ka wanke garkuwar da wutar da ke raguwa a hankali duk lokacin da ka buɗe ta.

Akwai wata hanya da ba ta buƙatar bugun fili, inda ake ratsa atam ta gefe da haske mai karkatar digiri 45, a kauce daga layi, a auna yadda ya zama mai zagaye. Ƙungiyar Poul Jessen a Jami'ar Arizona ta Amurka ta nuna ta da sisiyam a 2006. Kyakkyawar hanya ce, amma siginarta ƙarama ce, ban ba mai farawa shawarar ya soma da ita ba.

6. Shirya atam a matakin farawa

A ƙarshen sanyaya, kashe lesar maidowa tukuna, ka bar ta sanyaya na ɗan lokaci. Duk atam za su gangara F=1, su rabu a ƙananan matakai uku. Kusan sulusi ne kawai ke mF=0, su ne 'yan agogo. Sauran ba su dame ka ba, domin suna gigahaz 6.8 nesa da hasken awo, bai ma san da su ba. Ka tabbatar F=2 ya zama fanko: aika hasken awo ba tare da maikurowef ba, bai kamata ka ga komai ba.

Daga nan rufe ƙyauren inji. AOM da aka kashe yana yoyo, kuma ɗan hasken da idon na'ura ba ya gani ya isa ya ture layin agogo. Ƙyaure yana ɗaukar milisakan kafin ya rufe, yana kuma girgiza tebur, saboda haka ka ɗora shi a kan roba ko ka rataye shi daban, ka auna jinkirinsa ka sa a lissafi.

7. Gina ma'aunin juyawa

Bi wannan jeri daga inda hasken ya fito: faiba, lensi, matacin Glan, tukunya, farantin rubu'in zango idan ana buƙata, farantin rabin zango, firizim ɗin Wollaston mai raba hasken gida biyu, idanu biyu.

Matacin ya zama abu na ƙarshe kafin taga. Kada ka sa madubi tsakaninsa da tukunya, ko tsakanin tukunya da firizim, idan da hali. Madubi yana canza alƙiblar da ba ta yi daidai da shimfiɗarsa ba. Idan dole ne, juya matacin yadda alƙiblar za ta kwanta ko ta tsaya cak a kan madubin. Faiba mai riƙe alƙibla kuma sai an shigar mata da haske daidai da gindinta. Gwada ta haka: ɗumama ta da tafin hannu, ka kalli ƙarfin hasken bayan mataci. Idan yana hawa da sauka, shigarwar ba ta yi ba.

Akwai tsari biyu na karantawa, kuma ina da wanda na fi so. Na farko shi ne gicciye matatai: babu atam, duhu, akwai atam, haske ya ɓullo. Yana da daɗin kallo, kuma tudun Ramsey, wato hawa da saukar siginar da bugun maikurowef biyu na mataki na 9 ke haifarwa, suna fitowa da zurfi ƙwarai tunda ƙasan duhu ne. Amma siginar tana tafiya ne da kusurwar sau kanta, ba ta gaya maka dama aka juya ko hagu, kuma idan juyawar ƙarama ce hayaniyar lantarki ta kan binne ta. Na biyu shi ne daidaito: juya farantin rabin zango digiri 22.5, alƙibla ta karkata digiri 45, firizim ya raba hasken biyu daidai. Ka cire na wannan ido daga na wancan, ka raba da jimillarsu. Abin da ya fito ninki biyu ne na kusurwar juyawa, muddin ƙarama ce. Hawa da saukar ƙarfin lesa suna soke juna, kuma kana ganin alama, ƙari ko ragi. Fara da wannan. Bayan ka fahimci siginarka kana iya gwada gicciye ka kwatanta.

Kada ka yarda da lambar da ke jikin marikin faranti. Juya shi har bambancin ya zama sifili, ka ɗaure. Sannan ka auna ma'aunin kansa: juya farantin digiri 1, wanda ke juya alƙibla digiri 2, ka rubuta bolt nawa ya bayar. Da wannan ne za ka mai da bolt zuwa kusurwa.

Ka san iyakarka tun wuri. Hayaniyar ƙwayoyin haske tana ba da kuskuren kusurwa na ɗaya bisa ninki biyu na saiwar adadin foton, wato ƙwayoyin hasken da aka auna. Maikurowat 1 na tsawon milisakan 1 kusan foton biliyan 4 ne, wato maikuroradiyan 8. Don ka san ko ka kai nan, ninka ƙarfin haske sau huɗu ba tare da atam ba. Idan hayaniyar bambancin ta ninka sau biyu, ka kai. Idan ta ninka sau huɗu, daidaitonka bai yi ba ko hasken yana rawa. Idan ba ta motsa ba, lantarkinka ne ke surutu.

Faɗin hasken ya yi kusa da faɗin gajimare. Wanda ya bi ta gefe hayaniya kawai yake kawowa.

8. Nemo juyawar farko, ka tuhume ta

Kada ka fara da maikurowef. Bar atam ɗin duka a F=2, ka sake su, ka kunna filin awo wajen gaus 1, ka aika hasken a tsakiyar layi da ƙarfin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na miliwat 1.67 a murabba'in santimita ba. Idan gajimaren yana shan haske yadda ake gani, juyawar za ta kai digiri da yawa, ba za ta ɓuya ba.

Da ka gan ta, kada murna ta ɗauke ka. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin huɗu ne. Toshe lesar maidowa don kada tarko ya cika: siginar ta ɓace, abin da ya rage shi ne na gilashi da na tururin da ke yawo a tukunya, shi za ka riƙa cirewa. Juya wayoyin koyil: alamar ta juya, girman bai canza ba. Rage yawan atam rabi: siginar ta ragu rabi. Na huɗu, matsa firikwensin hasken sama da ƙasan layi: siffar ta zama iri ɗaya a ɓangarorin biyu, tudu a tsakiya da 'yan kwari masu akasin alama a gefe. Idan wani ɓangare ya hau wani ya sauka, atam ɗinka sun taru a gefe guda na matakan mF, ko dai saboda hasken awo yana da ɗan zagaye daga taga, ko saboda yadda aka kashe hasken sanyaya. Gyara da wani farantin rubu'in zango kafin tukunya, tsakanin mataci da taga, duk da abin da aka ce a mataki na 7.

Wannan daidaiton siffa yana da amfani babba: a tsakiyar layi, ƙaramar rawar firikwensin lesa ba ta shiga sigina kai tsaye. Amma a nan ne kuma shan haske ya fi yawa. Idan gajimaren ya yi kauri har hasken da ke fita ya yi kaɗan, ƙara filin awo don layukan biyu su buɗe su bar tsakiya, maimakon ka kauce da lesar.

Gargaɗi: hasken da ke zuwa ta gefe ɗaya tura atam yake yi. Kowane foton yana ƙara musu milimita 5.9 a sakan. Foton 500 sun kai mita 3 a sakan, wanda ya ture layin da kusan megahaz 4, fiye da rabin faɗinsa. Shi ya sa siginar ke hawa sannan ta zube tun bugun bai ƙare ba. Gajarta bugun zuwa 'yan ɗaruruwan maikurosakan, ka tara farkonsa kawai. Haka kuma idan ka ga wani siririn tsini kusa da sifilin fili wanda siffarsa ke canzawa da ƙarfin haske, wannan hasken ne ke jera atam da kansa. Abu ne na gaske, masu auna maganaɗisu da shi suke aiki, amma ba shi kake nema ba.

9. Shigo da maikurowef

Layin agogo yana haz 6,834,682,611. Maganaɗisun maikurowef ɗin ya bi hanya ɗaya da siririn filinka, in ba haka ba layukan gefe za ka tayar. Fara da bugu ɗaya, kana ƙara tsawonsa, za ka ga juyawar tana hawa tana sauka. Tsawon da ya kai ta ƙololuwa shi ne cikakken bugu, rabinsa kake so. Yi rabin bugu, jira, sake rabin bugu, sannan filin awo, sannan haske. Idan jiran milisakan 20 ne, faɗin tudun tsakiya kusan haz 25 ne.

Don gane tudun tsakiya, canza tsawon jiran. Duk sauran za su matsa, shi kaɗai zai tsaya. Yoyon maikurowef a lokacin jira yana karkatar da sakamako, don haka ka sa makunni mai yankewa sosai, ka ɗaure mahaɗun wayoyi da kyau. Idan tudun suka ƙi zurfi da eriyar ƙaho, ba laifin ma'auninka ba ne, ƙarfin maikurowef ɗin ne bai zama ɗaya a faɗin gajimare ba. Lokacin kogo ya yi, irin TE011, wanda ramukan murfinsa na sama da ƙasa za su ba hasken awo hanya. Da ka sa shi, koma mataki na 5 ka sake auna jinkirin fili, domin ya canza.

10. Kulle agogon, ka auna shi

Jerin kowane zagaye: cika tarko, sanyaya ta biyu, tura zuwa F=1, rufe ƙyaure, Ramsey, kunna filin awo, jira ya zauna, bugun haske, kashe fili. Ƙara bugun maidowa da awo na biyu a ƙarshe don ka san jimillar atam na wannan zagayen ka raba da ita, in ba haka ba hawa da saukar tarko za su shiga agogon kamar sauyin lokaci. Sai bugu na uku bayan atam sun watse, don sifilin ma'auni.

Wajen kullewa, kada ka zauna a kan tudu. Tsallaka haz 12.5 sama a wannan zagaye, haz 12.5 ƙasa a na gaba, bambancinsu ne ke gaya wa kwamfuta inda za ta tura madogarar kwaz ɗin da maikurowef ke fitowa daga gare ta.

Ga lissafin abin da za ka sa rai. Raba firikwensin layi da faɗin tudu, ka samu kusan miliyan 270. Idan siginarka ta fi hayaniya sau 1,000 kuma zagaye ɗaya milisakan 100 ne, natsuwar agogon a sakan ɗaya za ta kai wajen 4×10⁻¹³. Wannan misalin lissafi ne, kuma madogarar kwaz marar tsabta za ta hana ka kai shi, saboda duk lokacin da atam ba sa sauraron maikurowef babu mai tsaron ta. Gajarta lokacin cika tarko gwargwadon iko.

Kwatanta agogon da wanda ya fi shi, mesar haidurojin idan akwai, ka zana karkacewar Allan, wato ma'aunin yawan rawar firikwensin agogo gwargwadon tsawon lokacin awo. Ya kamata ta riƙa sauka da saiwar lokaci: ka ninka lokaci sau ɗari, ta ragu sau goma. Inda ta daina sauka, canza abu ɗaya kawai a lokaci guda ka ga ko firikwensin ya bi shi. Fara da ƙarfin filin awo: ninka shi biyu, idan agogon ya motsa, ragowarsa tana kaiwa zagaye na gaba, sai ka tsawaita jira ko ka rage shi. Bayan shi jinkirin ƙyaure, sannan zafin ɗaki, wanda za ka ga sawunsa a sifilin ma'aunin da kake rubutawa a bugu na uku.